Zare: Dalolin da Kawu ya turo, ashe daga kuɗin tsufansa suka fito

1/
Na daɗe ina son rubuta wannan zaren, kunya ce ta hana ni. Kwamfutar da nake karatu da ita yau shekara 3 ke nan, amma sai bana na san ainihin abin da ta ci. Idan kana da ɗan'uwa a ƙasar waje da kake yawan tura wa "a taimaka mana", don Allah ka daure ka karanta har ƙarshe. Sai da na nemi izininsa kafin in rubuta. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada in ambaci suna.

2/
Kawu ƙanin Ummanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya fi shekara 15 a New York, a unguwar Bronx, da matarsa da yara uku. Sunan kakarmu Hajiya aka sa min, shi ya sa tunda nake bai taɓa kiran sunana ba. "Mamana" yake ce min. Ni kuwa na san wannan sunan makami ne, kuma wallahi na yi amfani da shi son raina.

3/
Lissafinmu a gida mai sauƙi ne. Yana Amurka, dala ake biyansa, shi ke nan magana ta ƙare. Kuɗin makaranta, Kawu. Ragon layya, Kawu. Wani ya yi haihuwa, a gaya wa Kawu. Ba wanda ya taɓa tambayar nawa yake biya na haya, ko awa nawa yake tsaye a rumbun ajiyar kayan da yake aiki. Mu dai mu ji alat ya shigo.

4/
A 2022, ana tsakiyar dogon yajin aikin ASUU, wanda aka fara a Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba, Hajiya ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Likitoci suka ce sai an yi aiki an canja ƙashin. Manya suka zauna suka yanke shawarar a kai ta Masar. Da aka yi lissafin tikiti, biza, asibiti da masauki, ɗakin ya yi tsit. Kowa ya san wa za a kira.

5/
Ko sati biyu ba a yi ba kuɗi suka iso, dala 14,000. A canjin lokacin ya haura naira miliyan 8. Aka yi ta sa masa albarka. Ba wanda ya ce, Kawu ina ka samo wannan kuɗin a ƴan kwanaki? Mafi yawa suka tafi Alƙahira. Da saura aka gyara rufin ɗakin Hajiya da ke yoyo, don kada ta dawo ta tarar da damina a kan gadonta.

6/
A cikin wannan hidimar ne na cusa tawa buƙatar. Na tura masa murya a WhatsApp, har da ɗan marairaicewa: "Kawu tunda muna zaune a gida, da na samu kwamfuta da na koyi wani abu a intanet." Ya ce, "Mamana ta yi magana, ai an gama." Kwana uku aka kawo min sabuwa dal. Na ɗauke ta hoto na sa a sitatus, ƙawaye suna ta ma sha Allah.

7/
Aiki ya yi kyau, alhamdulillahi. Hajiya ta dawo tana takawa da sanda, har yau tana nan tana tsokanata da kishiya. Ku riƙe wannan a ranku, domin ba na son wani ya karanta zaren nan ya ce ina nadamar an yi wa kakata magani. Ko kaɗan. Maganata a kan abin da ya biyo baya ce, wanda mu a gida ba mu taɓa jin labarinsa ba.

8/
Sai bana, bayan ƙaramar Sallah, aka sa ranar auren Yayata. Kun dai san yadda abin yake. Gado, kujeru, kayan kicin, firji, labule, gara, ga kamu ga dina. Umma ta rubuta jerin kaya ya cika shafi biyu. Abba ya kawo abin da ya sawwaƙa, bai kai rabi ba. Umma ta ce kada kowa ya damu, ta yi magana da ƙaninta, ya ce a ba shi wata guda.

9/
Wani dare wajen ƙarfe ɗaya ina karatun gwaji, sai ga kiransa na bidiyo. Su a can magariba ce. Na gan shi a cikin mota, da kofin shayi. Ya ce, "Mamana akanta, ba haraji kuke karantawa wannan zangon ba? Zan turo miki wata takarda, ki duba min inda suka rubuta kashi 20 ɗin nan, me suke nufi." Ni ajin uku nake a fannin akanta, a gida kuwa an riga an ɗauke ni na gama sanin komai.

10/
Na buɗe takardar. Fom ne na neman a kwashe masa duk abin da ya rage a asusun da suke kira 401(k), dala 20,000. Ban taɓa jin sunan ba. Na ce, "Kawu wannan wane irin asusu ne?" Ya yi ƴar dariya ya ce, "Fanshona ke nan, Mamana." Gabana ya faɗi. Na ce ya ba ni zuwa gobe. Daren nan ban koma kan karatun gwaji ba, wannan na zauna ina karantawa har asuba.

11/
Ga abin da na fahimta a taƙaice. 401(k) lambar wani sashe ne a dokar harajin Amurka, tun 1978 aka shigar da shi. Ma'aikaci yana amincewa a riƙa yankar wani abu daga albashinsa ana zubawa a asusun, kamfanoni da yawa kuma suna ƙara masa nasu a kai. Ana juya kuɗin a hannun jari, suna haihuwa a hankali har mutum ya tsufa.

12/
Daɗin abin, a irin wanda Kawu yake da shi, kuɗin da ka zuba ba a cire musu haraji a lokacin. Amma fa ba yafewa gwamnati ta yi ba, jinkirta maka ta yi. Duk ranar da ka cire, a ranar za a lissafa su a matsayin kuɗin shigarka na wannan shekarar, ka biya harajinsu. Idan kuma ba ka kai shekara 59 da rabi ba, akwai tarar kashi 10 cikin 100 a kan harajin. Kawu shekararsa 44.

13/
Kashi 20 ɗin da ya tambaya kuwa, shi ne abin da doka ta ce a datse tun daga tushe a aika wa IRS, hukumar harajinsu, idan mutum ya bar aiki ya ce a ba shi kuɗinsa a hannu. Wato a cikin 20,000, dala 16,000 ce za ta shigo masa. Kuma wannan datsewar kafin alƙalami ce kawai. Cikakken lissafi sai lokacin cike takardun haraji, wanda wa'adinsa 15 ga Afrilu ne.

14/
Na zauna da biro na lissafa masa. Harajin tarayya, ko a matakin kashi 12 aka sa shi, 2,400. Tara, 2,000. Sannan jihar New York tana karɓar nata harajin, birnin New York ma yana karɓar nasa, a nasa lissafin sun kusa 2,000. Jimla ta haura dala 6,000. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ya tafi tun kafin a sayi ko cokali ɗaya na kayan ɗaki.

15/
Washegari na kira shi na karanta masa. Na zaci zai firgita. Shiru ya yi, sannan ya ce, "Na sani. An taɓa yi min." Na ce yaushe? Ya ce, "Kuɗin aikin Hajiya, daga ina kike tsammani suka fito?" A nan ne ya ba ni labarin da ko Umma ba ta sani ba. Ina riƙe da waya, kwamfutar tana buɗe a gabana, na kasa kallonta.

16/
A 2022 yana da wajen dala 30,000 a asusun. Bai cire ba, rance ya ɗauka. Dokarsu ta yarda, idan tsarin kamfaninku ya ba da dama, ka ranci har rabin kuɗin da suka tabbata naka, muddin bai wuce dala 50,000 ba. Ka biya cikin shekara 5, ana yanka daga albashi. Ba haraji, ba tara, matuƙar kana biya a kan lokaci. Ya ranci 14,000.

17/
Na san wasu za su tambaya, eh akwai kuɗin ruwa a kai. Bambancinsa da na banki shi ne cikin asusunka yake komawa, kai kake biyan kanka. Hukuncin wannan na malamai ne, ni lissafi na kawo. Abin da ya ja hankalin Kawu shi ne ba a binciken tarihin bashinka, ba a neman mai tsaya maka, kuma cikin ƴan kwanaki kuɗi suke fitowa. Uwarsa tana kwance, me zai jira?

18/
Ya yi ta biya fiye da shekara guda, bashi ya sauko zuwa 11,000. Sai a ƙarshen 2023 kamfanin ya rage ma'aikata, sunansa yana ciki. A nan tarkon yake. Ba albashi, ba inda za a yanka. Wasu tsare-tsaren suna bari ka ci gaba da biya bayan ka bar aiki, nasu bai bari ba. Aka ba shi ɗan wa'adi ya kawo 11,000 a dunƙule. Mutumin da aka sallama daga aiki, ga haya ga yara, ina zai samo?

19/
Da wa'adi ya cika, sai suka cire bashin daga abin da ke asusunsa, suka rufe maganar rance. A wajen IRS kuwa, wannan 11,000 ɗin ta tashi daga rance ta koma kuɗin da ya cira kafin lokaci. A farkon 2024 aka aiko masa da wata takarda mai suna 1099-R. Ya ce ko buɗe ta bai yi da kyau ba, ya haɗa da sauran takardu ya kai wa mai cike masa haraji.

20/
Duk shekara idan ya cike takardu, gwamnati takan dawo masa da rarar abin da aka yanka. Da wannan rarar yake yi mana hidimar azumi da Sallah. A wannan shekarar mai lissafin ya juyo masa da fuskar kwamfuta ya ce, bana kai ake bi. Tara 1,100. Harajin tarayya wajen 1,300. Na jiha da na birni kusan 1,000. Dala 3,400 a kan kuɗin da tuni aka kashe su a Alƙahira shekara biyu baya.

21/
Ku canja 3,400 ko a kan naira 1,200. Ya haura miliyan 4. Wannan ba kuɗin magani ba ne, ba na tikiti ba, ba na rufin ɗaki ba. Ba wanda ya ci, ba wanda ya sha, a gidanmu ko a gidansa. Kuɗin taɓa asusu kafin lokaci ne kawai.

22/
Akwai ƙofar fita, kuma mai lissafin ya gaya masa. Idan barin aiki ne ya jawo aka cire bashin, doka ta ba ka har zuwa wa'adin cike harajin wannan shekarar, har da ƙarin lokaci idan ka nema, ka zuba adadin a wani asusun fansho, misali na ƙashin kai da ake kira IRA. Abin da ka mayar ba haraji ba tara a kansa. Amma ƙofar ta mai kuɗi a hannu ce. Shi a lokacin ko na haya da ƙyar.

23/
Na ce, Kawu ai magani aka yi da kuɗin, ba su da sassauci ga rashin lafiya? Akwai. Ana ɗage tarar a kan kuɗin asibitin da ya haura kashi 7.5 na kuɗin shigarka na shekara. Amma sai na kanka, ko matarka, ko wanda doka ta ɗauka yana ƙarƙashinka. Uwar da ke zaune a Najeriya, ba ƴar ƙasar ba, ba ta shiga wannan lissafin. Ga shi kuma an yi aikin a 2022, cirewar ta faɗo a 2023.

24/
Wato a wajenmu, ɗa ya yi wa uwarsa magani, babu abin da ya fi wannan zama dole. A takardar IRS kuwa babu layin da za ka rubuta haka. Dokar ba ta san zumuncinmu ba, kuma ba za ta saurari bayani ba.

25/
Ya roƙi a bar shi ya riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata, suka yarda, amma kuɗin ruwa yana hawa a kan abin da ya rage. Ya koma tuƙin tasi na manhaja, dare da rana. Motar da nake ganinsa a ciki duk lokacin da ya kira, ni na ɗauka yawo yake fita. Ashe ofis ɗinsa ke nan.

26/
Abin da ya fi ci min rai: na koma cikin hirarmu ta WhatsApp na duba watan Afrilun 2024. A satin da aka gaya masa ana binsa 3,400, ni saƙon da na tura masa shi ne wayata ta fara ciwon batir, kuma an ƙara mana kuɗin rijista. Ya amsa da "In sha Allahu Mamana." Kuma ya turo. Na daɗe ina kallon wannan saƙon.

27/
Na ce, "Kawu me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "In faɗa wa wa? Yaya ta ji ta hana kanta barci? Hajiya ta ji ta ce ita ta jawo min?" Sannan ya ce, "Na Hajiya ko gobe aka sake, zan sake. Uwa ɗaya gare ni." Na ce to na biki fa? Ya yi shiru. Can ya ce, "Yaya ce ta riƙe ni bayan rasuwar Baffa. Ban iya ce mata babu ba."

28/
Na ƙara masa da lissafin da bai tambaya ba. A aji an koya mana cewa kuɗin da ke ƙaruwa da kashi 7 a shekara suna ninkawa cikin kimanin shekara 10. Misali ne, kasuwa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Amma a kan wannan misalin, 20,000 ɗin da zai kwashe yau za ta iya kusan 80,000 lokacin da ya kai 64. Wannan asarar ba ta zuwa a takarda, shi ya sa ba a jin zafinta sai an tsufa.

29/
Kuma tsufa a can ba irin namu ba ne da za ka koma gidan gado ƴaƴa da jikoki suna kewaye da kai. Haya ba ta san ka tsufa ba. Sanyi bai sani ba. Mutum ya ƙarar da ƙarfinsa yana ɗaukar kaya, ya zo shekara 65 asusu wayam, saboda mu mun yi dina a babban ɗakin taro. Na ce masa, "Kawu don girman Allah kada ka sa hannu a fom ɗin nan. Ka bar ni da Umma."

30/
Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Kwana biyu ina zagaye. Ranar da na samu Umma ita kaɗai tana tsince shinkafa, na zauna na ce ina da magana. Ban kai rabi ba ta ɗago ta ce, "Ke yanzu har kin yi girman da za ki shiga tsakanina da ɗan'uwana? Shi ya ce miki ba shi da shi?" Na ce bai ce ba. Na miƙa mata takardar da na yi lissafi a kai, da naira na rubuta don ta gani sosai.

31/
Na nuna mata layi biyu kawai. Na farko, abin da ya biya na tara da haraji a kan kuɗin aikin Hajiya. Na biyu, abin da zai sake biya idan ya kwashe saura. Na ce, "Umma duk naira uku da zai taɓa, ɗaya ta gwamnatinsu ce. Kuma wannan ne kuɗin da zai ci idan ƙarfinsa ya ƙare." Ta daɗe tana kallon takardar. Ba ta ce min komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

32/
Da daddare na ji tana waya. Ban ji duka ba, na dai ji tana cewa, "Ashe haka ka yi ta fama kai kaɗai, ka mayar da ni bare?" Tana faɗa tana kuka. Washegari jerin kayan nan mai shafi biyu ya koma shafi ɗaya. Aka soke dina. Kujeru aka ba kafinta na unguwa maimakon na kanti. Umma ta sayar da awarwaronta biyu, ta shiga adashi ta karɓi ɗaukar farko.

33/
Ba zan yi muku ƙarya in ce kowa ya ji daɗi ba. Yayata ta yi sati biyu ba ta yi min magana ba. Ta ce na rage mata daraja a gidan miji, kuma ni da aka saya wa kwamfuta ban da bakin magana. Wannan ta biyun ta shige ni, domin gaskiya ta faɗa. Wata gwaggonmu har yau tana cewa boko ya sa na zama mai baƙin ciki. Na haɗiye. Ni da Yaya mun shirya, amma har yanzu akwai ɗan sanyi.

34/
Kawu ya turo dala 1,500 daga kuɗin tuƙinsa, ya ce gudummawarsa ke nan, Umma ta karɓa da godiya. Fom ɗin bai sa masa hannu ba. Ya mayar da 20,000 ɗin asusun IRA kai tsaye, daga asusu zuwa asusu ba tare da ta biyo ta hannunsa ba, don haka ba a datse ko sisi ba. An ɗaura aure lafiya, amarya ta tare, kuma kujerun kafinta ba wanda ya zauna a kai ya faɗi.

35/
Ga wanda yake can ko yake da wani a can, abubuwan da na tsinta:
Rance daga 401(k) yana da sauƙi ne muddin aikinka yana nan. Kafin ka ɗauka, tambayi abin da tsarinku ya ce idan aiki ya ƙare.
Wanda ya bar aiki a shekarar da ya cika 55 ko bayanta, ba ya biyan tarar kashi 10 a asusun wannan kamfanin, haraji kawai.
Daga 2024 an yarda a ciri har dala 1,000 don larurar gaggawa ba tara, amma harajin yana nan.

36/
Bayan wannan sai na ce bari in duba namu na gida, tunda mu ma gobe za mu fara aiki. A dokar fansho ta 2014, wadda hukumar PenCom ke kula da ita, ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8, mai aiki ya zuba kashi 10, a asusun da ake kira RSA. A nan babu maganar rance kwata-kwata. Ba za ka ranta daga ciki ba, ba kuma za ka ba da shi jingina a banki ba.

37/
A ƙa'ida sai ka yi ritaya kuma ka kai shekara 50. Idan ka rasa aiki kafin nan, ka yi wata 4 ba ka samu wani ba, za ka iya neman har kashi 25 na abin da ke ciki, saura ya jira ka. Daga 2022 kuma an buɗe damar amfani da har kashi 25 a matsayin kason farko na bashin sayen gida, ga wanda ya yi aƙalla wata 60 ana zuba masa.

38/
Inda haraji yake shigowa a namu shi ne ajiyar ganin dama, wato abin da ka ƙara da kanka a kan na dole. Idan ka cire kafin ya shekara 5, ribar da ya haifar za a cire mata haraji. Babu tarar kashi 10 irin ta Amurka. Amma kashi 25 ɗin da ka ɗauka kana ɗan shekara 35, daga fanshon da za ka karɓa duk wata a tsufa aka yanko shi. Ko ba a kira shi tara ba, kai za ka biya.

39/
Ban rubuta wannan don in ce a daina taimakon gida ba. Da ba don Kawu ba, da Hajiya tana kwance har yau, ni ma da wataƙila na ajiye karatu lokacin da aka ƙara kuɗin makaranta. Abin da nake cewa, buƙata ba ɗaya ba ce. Akwai ƙugun da ya karye, akwai dina. Mu da muke roƙo mu ne ya kamata mu tace, domin su kunya da zumunci ba za su bar su su ce babu ba.

40/
Kuma mu koyi tambaya ɗaya: "Daga ina za ka ciro?" Idan amsar ita ce fansho, ko katin bashi, ko rance, to ka sani abin da zai shigo maka bai kai abin da zai fita daga jikinsa ba. Ku kuma da kuke can, don Allah ku riƙa faɗa mana gaskiya. Ɓoyewar da kuke yi don kada mu damu, ita take sa mu ƙara roƙo.

41/
Watan jiya Kawu ya gama biyan IRS. Ya turo min hoton shaidar biya na ƙarshe, ya rubuta a ƙasa, "Mamana, an sallame ni." Na fara ɗan aikin shigar da lissafi a wani shagon magani bayan lakca, da kwamfutar nan nake yi. Ba wani kuɗi ba ne, amma rijistar zangon nan ni na biya rabi, kuma batirin waya ni na canja abina.

42/
Idan akwai wanda yake ɗauke da gidanku daga nesa, ka kira shi yau ka gaishe shi, kada ka roƙi komai, ka ji yadda muryarsa za ta canja. Allah ya saka wa iyayenmu da kawunnanmu da alheri, ya sa su ci guminsu da tsufa. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Ni kam gobe ina da gwaji ƙarfe takwas, sai da safenku.